Wasiƙa zuwa ga shugabannin mawaƙa da malaman kiɗa da ke kawo mana aiki a Gombe

Abokan hulɗarmu, muna gaishe ku da fatan alheri.

Daga yanzu duk waƙar da kuka kawo mu tsara muku a rubutun kiɗa, da manhajar MuseScore Studio za mu yi ta. Kamfanin da ya yi Finale, wata tsohuwar manhajar rubutun kiɗa, ya daina sayar da ita da sabunta ta tun watan Agustan 2024. Tana buɗewa a kwamfutar da take ciki, amma ranar da Windows ta canza ko kwamfutar ta mutu, aikin shekaru na iya maƙalewa a fayil ɗin da ba abin da zai buɗe shi.

Saboda haka mai tsofaffin waƙoƙi a Finale ya fitar da su a tsarin MusicXML, wanda MuseScore ke iya buɗewa, tun da sauran dama. A ƙarƙashin File, sannan Export, akwai umarnin da ke juya dukan fayilolin da ke cikin folda a lokaci guda. Don Allah ku haɗa kowace waƙa da PDF ɗinta. Sautuka sukan ƙetare lafiya, amma tsarin shafi yakan rushe, baiti na biyu ya hau kan na farko, layin ganguna kuma ya sauka inda ba wurinsa ba. Da PDF ɗin muke gane asalin yadda kuka rubuta.

Ga masu ƙaho na Boys' Brigade da na makarantu, a nan aka fi yin kuskure. Idan waƙa tana kan F, takardar mai trumpet ɗin B♭ dole ta fito a G, ta mai alto saxophone kuma a D. MuseScore tana yin wannan da kanta, matuƙar an zaɓi kayan kiɗan daidai tun farko, kuma an kashe maɓallin Concert pitch kafin a buga. In aka manta, mawaƙa na gefe guda, masu ƙaho na wani gefen. Ga masu ganguna kuma, fitowar MuseScore 4.5 ta 2025 ta zo da sabon allon shigar da bugun ganguna, ya rage wahala sosai.

Kalmomin waƙa da Ctrl+L ake shigar da su, a raba gaɓoɓi da ɗan karan tsakiya. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ ba kowane salon rubutu ke da su ba. Mu Charis SIL muke sawa.

Fayil ɗin da aka adana da fitowa ta 4 ta MuseScore ba ya buɗuwa a ta 3, don haka mawaƙan Kaltungo da Billiri da ke kan tsohuwar su faɗa mana kafin mu tura. Sautukan Muse Sounds, da ake saukewa daban don sauraron waƙa a manhajar, suna da daɗin ji amma suna cin data da ƙarfin kwamfuta. Wanda tasa ba ta kai ba ya tsaya kan MS Basic, sautukan da ke zuwa tare da manhajar, mu kuma za mu tura muryar kowane sashe daban a MP3 ta WhatsApp don gwaji.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Ma'aikatan shagon tsara waƙoƙi, Gombe