Ɗalibaina Sun Iya Kwamfuta, Amma Tallansu Ya Ƙi Magana

Assalamu alaikum, Malama. Ina gaishe ki da aiki, da fatan ke da abokan aikinki kuna lafiya. Na daɗe ina sauraron wannan fili, kuma na lura ba matsalar gida kaɗai kike dubawa ba, har ta wurin aiki kina sa baki. Shi ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuto miki.

Ni malami ne, ina koyar da zanen talla, bana shekarata huɗu a kai. A wannan zangon na ba ɗalibaina 24 aiki iri ɗaya: kowa ya zana tallan turaren hammata, irin na murzawa, wanda mu muka ƙirƙira masa suna a aji. Na ce su kawo fosta ɗaya girman A3 domin bugawa, da ƙarami mai fiksel (wato ɗigon hoto a allo) 1080 kowane gefe domin Instagram. Na ba su mako uku. Ranar da suka kawo, na manna ayyukan a bango, na ja da baya na tsaya ina kallo, sai jikina ya yi sanyi.

Wasu kurakuran ba su dame ni ba, don darasi ɗaya ya isa a gyara su. Da yawa sun yi aikin da tsarin launi na RGB, wanda na allon kwamfuta ne, alhali injin bugu da CMYK yake aiki, sai shuɗin da ke ƙyalli a allo ya fito a dushe a takarda. Wasu sun kwaso ƙananan hotuna daga intanet suka ja su, suka farfashe, domin bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Mutum biyu kuma ba su bar rarar milimita 3 a gefe ba, aka yanka takarda, fari ya leƙo ta bakin hoton.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne cushe. Akwai fostar da na ƙirga salon haruffa biyar a cikinta, kowanne babba, kowanne da inuwa da ƙyalli. Ido bai san inda zai fara sauka ba. Shi kansa turaren da ake talla an maƙale shi a kusurwa kamar an tuna da shi daga baya. Wani ya sa farin rubutu a kan ruwan ɗorawa, bayan na koya musu cewa ƙa'idar da masu tsara shafukan intanet ke bi ita ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Suna tsoron sarari, Malama. Duk inda suka ga fili sai sun cike shi, a ganinsu fili alamar rashin ƙoƙari ne. Na gwada musu dabarar nan ta nuna wa mutum fosta na daƙiƙa uku a rufe, a tambaye shi me ake sayarwa. Na kira ɗalibai daga wani sashe suka duba, a mafi yawan fostocin sun kasa faɗa, wata ma cewa ta yi tallan sabulu ne.

Amma abin da ya hana ni barci daban ne. A cikin 24 ɗin nan, 17 tunani ɗaya suka zana: mutum ya ɗaga hannu, waɗanda ke kusa da shi sun toshe hanci suna gudu. A wata fostar har da ƙudaje. Da na yi magana, wani yaro mai kaifin basira ya ce, "Malam, ai kunya ita ke sayar da wannan kaya." Ban iya ce masa ƙarya yake yi ba, domin tarihin sana'ar tamu ya goya masa baya. A 1919 an buga tallan maganin zufa mai suna Odorono a wata mujallar mata a Amurka, yana nuna wa mace cewa mai yiwuwa tana wari ba ta sani ba, kuma ba wanda zai gaya mata. Masu karatu da dama sun fusata har wasu suka daina sayen mujallar, amma cinikin kayan ya tashi. Na kawo masa misalin Dove, masu sabulu da kayan shafa, da suka fara tallata kayansu da hotunan mata na yau da kullum a 2004, ya ce wannan kamfani ne da ya riga ya yi suna, shi kuma sabon kaya yake tallatawa. Muka rabu kowa na kan bakansa.

A ajin nan akwai wata yarinya mai yawan zufa, na kuma san abokanta sun sha tsokanarta a kai. Duk lokacin da ake dariyar fostocin nan kanta na ƙasa. Ita kuwa abin da ta zana farar riga ce a rataye, hasken faɗuwar rana ya sauka a kanta, ga turaren a gefe, sai kalmomi biyu kawai: "Har yamma." Wallahi a duk bangon nan ita kaɗai ce ta yi tunanin wanda zai sayi kayan, ta san abin da yake fata, ta kuma girmama shi. Sai dai hannunta bai faɗa ba tukuna. Hoton ya yi duhu, rubutun ya karkace, tambarin ya kusa ɓacewa. Takardar ba da maki da muke bi ta fi ba gogewar aiki muhimmanci, don haka idan na bi ta yadda take, masu ƙudaje za su wuce ta.

Ni ma na yi nawa kuskuren. Da takaici ya kama ni, na zauna a kujerar wani ɗalibi na gyara masa aikinsa da hannuna a gaban kowa: na cire rabin rubutun, na bar salon haruffa biyu, na ƙara girman kwalbar. Ya yi kyau. Amma da suka dawo da gyara, kusan duka irin nawa suka kwaikwayo, farin fili da kwalba a tsakiya. Cushen ya tafi, tunanin bai zo ba, shi kuma yaron tun ranar bai ƙara yin tambaya a aji ba. Abin yana cina a rai.

Saura mako biyu a baje ayyukan ga sauran malamai da ɗalibai. Ina tunanin in raba su da kwamfuta na kwana uku, kowa ya je ya tattauna da mutum uku masu amfani da irin wannan turare, ya rubuta saƙonsa a jimla ɗaya, sannan ya yi ƙananan zane goma da fensir kafin ya buɗe manhajar zane ta kwamfuta irin Photoshop ko Canva. Amma ina tsoron lokaci ya ƙure, su fito da aikin da bai kammala ba, su ji na kunyata su.

Don Allah Malama, ki ba ni shawara. Shin in hana tallan izgili kai tsaye a matsayina na malami, ko in bar su su gano illarsa da kansu, ko da yarinyar nan za ta ci gaba da zama a cikin dariyar? Yaya zan nuna wa ɗalibi aikinsa bai yi ba, ba tare da na karya masa gwiwa ko na mayar da shi mai kwaikwayona ba? Sannan wannan yaron da na taɓa aikinsa, in ba shi haƙuri a gaban ajin da abin ya faru, ko in kira shi gefe?

Ina sauraron amsarki a shiri na gaba, in Allah ya yarda. Na gode.

Naki,
Malamin zane mai sauraronki