Wasiƙa daga Yawunde zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da Inna da yara duka.

Na ji an ce Inna ta kwana biyu ba ta iya cin abinci, wai wani ya faɗa mata ƙasa ta rufta da mu. Don Allah ka zauna ka yi mata bayani. Abin a unguwar Mbankolo ya faru, mu kuwa sana'armu a unguwar Birkiteri take, cikin 'yan uwa Hausawa. Ƙalau nake, ko ƙwarzane babu.

Ranar Lahadi ne, 8 ga Oktoba, 2023, da yamma. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai madatsar wani tafki da ke saman tudu ta ɓalle. Ruwa da jan taɓo da duwatsu da itatuwa suka gangaro tare, suka bi ta kan gidajen da ke ƙasa. Mutum sama da 25 suka rasu. Washegari na je da wani abokin sana'ata, ƙanin matarsa can yake haya. Yaya, taɓon ya kai ni gwiwa. Na ga tukunya da murfinta a kai, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya, ɗakin kuwa babu alamarsa. Shi ƙanin matar tasa Allah ya yi da sauran kwanansa, yana wajen aiki. To, wannan kada ka karanta wa Inna.

Garin nan duk tuddai ne, talaka kuma ba ya samun fili sai a gangare. Sai ya sare gindin tudu ya kafa ɗaki, na sama ma ya sare, an kuma sassare itatuwan da saiwarsu ke riƙe ƙasar. In ta sha ruwa ta ƙoshi sai ta yi nauyi ta saki, ba sallama. Ko bara a watan Nuwamba haka ta zaftaro wa masu zaman makoki a unguwar Damas, mutum sama da 10 suka tafi. A garin Bafusam, 2019, sun haura 40.

Shi ya kawo ni maganar Auta. An ce har yanzu yana shiga kududdufin bayan gari da amalanke yana haƙo ƙasar tubali, har ya yi kogo a ƙarƙashin gaɓa wai can ƙasar ta fi kyau. Ka hana shi. Ba shawara nake bayarwa ba. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, gaɓar nan a jiƙe take ta ciki ko da samanta ya bushe. In kuɗin kashewa yake nema, ga shi na aiko ta hannun direban da ka sani, jaka arba'in na sefa. Ka canza, ka ba Inna na magani, ka sayi buhun masara, saura ka ba shi ya ja jari ko na rake ne. Kada kuɗin nan ya bi ta hannun Kawu, ka san abin da ya faru da na Sallah.

Na san da ina gida da bai shiga ramin nan ba. Shekara uku ke nan ban ga fuskar Inna ba, kullum sai in ce bana.

Ɗakin da nake kwana shi ma a ɗan gangare yake, amma ba kamar wancan ba. Bango ya yi 'yar tsaga, ƙofa kuma ta soma cijewa, na gaya wa mai gidan. In ruwan dare ya yi yawa a shago nake kwana. Ƙarshen wata zan tashi in Allah ya yarda, kuɗin ajiya ne ya rage, shi ya sa aiken bai kai yadda na so ba. Kasuwa dai alhamdu lillahi, yanzu tukuba tawa ce, har da yaro ɗaya a ƙarƙashina.

Ka karɓe diga da shebur ɗin Auta ka kulle a ɗakinka. In ya yi gardama ka haɗa ni da shi a waya ranar Juma'a bayan masallaci.

Ka gaida Inna, ta ci gaba da sa mana albarka.

Naka ƙani.