Batun shafin makaranta da ke tsayawa ranar sakamako

Assalamu alaikum mutumina,

Ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Ya sanyin Damagaram? Mu nan Kano hazo ya rufe gari. Saƙonka ya iso, na ga kukan da kake yi cewa shafin makarantar da ka gina yana tsayawa cak duk ranar da aka saki sakamakon jarrabawa.

Wai an ba ka shawarar Kubernetes, manhajar da ke sarrafa tarin sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet. Don Allah ka ajiye wannan zancen tukuna. Google ne suka fito da shi a 2014, kuma masu juya sabobi barkatai aka yi wa. Kai da sabarka ɗaya tal, sayen tirela ne don ɗaukar buhun gero guda.

Ni rumbun bayanai nake zargi. Duk uban da ya shiga, sai manhajar ta koma ta tattara makin yaro darasi bayan darasi, ta haɗa jimla, ta kwatanta da na sauran aji don ta fitar da matsayi. Iyaye suka yi caa a lokaci guda, ina rumbun zai sa kansa? Alhali sakamakon nan da shugaban makaranta ya sa hannu ba ya sake canzawa. Ka lissafa shi sau ɗaya da daddare, ka ajiye a shirye, da safe miƙawa kawai. Hotuna da tambari da duk abin da kowa ke gani iri ɗaya ka bar wa Cloudflare, kamfanin da ke ajiye kwafin irin waɗannan yana miƙa wa masu shiga shafi. Amma ban da sakamakon kansa, kada na ɗan wani ya faɗa hannun wani.

In hakan bai isa ba, sai a zo maganar ƙarin saba. Kafin nan ka kwashe fayilolin da ake ɗorawa zuwa S3, ma'ajiyar fayiloli ta kamfanin Amazon, bayanan shiga kuma su koma rumbu ko Redis, wata ma'ajiya mai sauri da duk sabobin za su iya dubawa. In ba haka ba, mutum zai shiga ta saba ta farko, dannawa ta gaba ta jefa shi ta biyu, a ce ba a san shi ba. Kuma ka sa iyaka ga yawan sabobin da za su tashi da kansu, ka kunna gargaɗin kuɗi. Da dala ake caji, muddin saba na kunne mita na gudu, ko kana barci. Zamanin kyauta ma ya ja baya tun da Heroku, masu ba da wurin ajiye manhaja, suka rufe tsarinsu na kyauta a Nuwamban 2022.

Wurin ajiye sabar kuwa, kada taswira ta ruɗe ka. AWS, sashen hayar sabobi na Amazon, na da cibiya a Cape Town tun 2020, amma ka gwada ta da ta Paris daga wayarka ka ga wadda ta fi saurin amsawa, don yawancin wayoyin intanet ɗinmu na ƙarƙashin teku Turai suka nufa.

Turo mini da rajistar kurakuran ranar nan in duba. A gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.