Matasa masu jita, ku fara gwada sukudireba kafin ku sayi sabon fikof

Assalamu alaikum Malam Edita, dafatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ni mai gyaran rediyo ne da amfilifaya anan Gadarif, Sudan, nakan kuma taɓa jita a wajen biki tun ina saurayi, dan Allah ka bani ɗan fili zan yi magana da yaranmu masu jitar lantarki.

Satin da ya wuce ɗan ƙanwata ya shigo shago rai a ɓace, wai kawu zan sayar da wayata in aika a kawo min sabon fikof daga Misra, wato abin nan da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita. A wajen wani ɗaurin aure abin ya bashi kunya, in ya tura makunnin zaɓen fikof zuwa na wajen wuyan jita sai sifika ta ɗau ruri har ta danne muryar mawaƙi, in ya dawo na ƙasa kuma sai sauti ya koma siriri kamar kukan sauro. Wallahi raina ya sosu, domin tunda yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan da muke samu daga Khartum suka yanke, komai sai an biyo da shi ta nesa da tsada, ga yaro zai rabu da wayarsa akan abinda ba lalacewa yayi ba.

Shi fikof maganaɗisu ne aka nannaɗe da siririyar wayar tagulla, tsirkiya tana kaɗawa a samansa shi kuma yana mayar da kaɗawar ta zama lantarki. To tsirkiya tafi yin lilo sosai ta wajen wuya, can kusa da jaki kuwa, wato inda tsirkiyoyin suka hau suka zauna kamar na garaya, motsinta kaɗan ne. Kaga kenan in ka jera su tsayi ɗaya dole na wuya yafi ƙara. Shi yasa ake ɗaga na jaki ya matso kusa da tsirkiya, na wuya a sauke shi.

Ga yadda nayi masa a gabansa. Na cire duk wani abin canza sauti, na buɗe boliyom ɗin jitar gaba ɗaya, na danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuya sannan na sa rula tsakanin kan maganaɗisun da cikin tsirkiyar. Tasa irin ƙirar Stratocaster ce mai fikof uku, kuma awon da kamfanin Fender ke bayarwa na irin waɗannan kusan milimita 2 ne ta ɓangaren tsirkiya mai kauri, 1.6 ta ɓangaren siririya. Mai kaurin ƙarfenta yafi yawa, shi yasa ake bata tazara. Ashe wani ne ya taya shi ɗage su duka ukun har suna neman taɓa tsirkiya, wai don ƙara ƙarfi. Wannan shine babban kuskuren da nake gani, maganaɗisun sai ya riƙa jan tsirkiyar, sauti ya mutu da wuri, kaji yana rawa-rawa kamar ba a ɗaure jitar daidai ba alhali ka ɗaure, musamman in ka hau can saman wuya akan masu kauri.

Noti biyu ne a gefe da gefen kowane fikof, ka juya dama ya tashi, hagu ya sauka. Na fara da na jaki na ajiye shi inda yake da daɗi, sai na riƙa sauke na wuya rabin juyi rabin juyi, shi yana kaɗawa ni ina tura makunni gaba da baya, har muka kai inda in ka rufe ido ba zaka ce wannan yafi wancan ƙara ba sai dai kalar sautin ta bambanta. Na tsakiya bai bamu wahala ba. Rula farawa ce kawai, kunne ke yanke hukunci. Ko minti 20 bamu yi ba, yaron nan ya zauna yana ta kaɗawa yaƙi tashi har aka kira magariba.

Masu jitar da aka haɗa mata hambaka a jaki, wato mai naɗi biyu irin wanda kamfanin Gibson suka fara sawa a 1957, naku akasin haka ne, shi ne yake fin sauran ƙarfi don haka shi zaku sauke. In kun yi duk wannan ɗaya ya ƙi tashi, to a sa mitar lantarki a auna, mai naɗi ɗaya yakan nuna wajen kilo-om 6, hambaka wajen 8, in mita bata nuna komai ba waya ta tsinke ko dalma ta saki, nan ne ake zuwa wajen mai gyara.

Malam Edita ina roƙo jaridarku ta riƙa ware ɗan shafi na sana'ar hannu irin wannan da Hausa, yaranmu na Gadarif da Kasala da Mai Wurno suna karanta ku a waya. Na gode.

Naku,
Mai gyaran rediyo, Gadarif, Sudan