Wasiƙa daga Argungu: abin da Inna ta gani a talabijin

Argungu, Jihar Kebbi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin Ingila, ya kuma aikin asibiti? Mu nan sai godiya. Damina ta kankama, fadama ta cika, shinkafa ta yi kore shar, sauro ma ya dawo da ƙarfinsa yadda ka san shi. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka yaushe za ka zo ka sha furarta.

Tun da na sa sola a gida bara, talabijin ta daina zaman ado. Akwai wani shirin lafiya da ake yi da Hausa da dare, sau ɗaya a mako. Ana gayyato likita ko nas, masu kallo su bugo waya ko su turo saƙo. Tun da fanninka ne, na ce bari in ba ka labarin yadda mutanenmu ke karɓarsa.

Bari in fara da Inna. Ranar da aka yi maganar gudawar yara, likita ne ya fara bayani, rabi Hausa rabi Turanci. Ba a yi nisa ba ta juya wa akwatin baya ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can sai wata nas, dattijuwa, ta ce a kawo mata kwano da cokali. Ta wanke hannunta da sabulu a gaban kowa, ta fasa ledar fiya wata biyu cikin kwanon, ta ce wannan lita ɗaya ke nan. Ta ɗebi sukari cokalin shayi shida, kowanne tana shafe kansa da bayan wuƙa, ta sa gishiri rabin cokali, ta dama, ta ɗanɗana, ta ce kada gishirinsa ya fi na hawaye. Ta ƙara da cewa in ana iya samun na leda na asibiti shi ya fi, a haɗa wa yaro da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, kuma kada a yanke masa nono.

Ƙarar cokali a kwano ce ta sa Inna ta waiwayo. Daga nan ba ta sake taɓa gyaɗar ba. Nas ɗin ta ɗauki 'yartsana tana nuna alamun da ke cewa a ruga asibiti: idanu su zurma, a tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa da wuri, yaro ya kasa sha, maɗiga ta faɗa. Ka san yadda iyayenmu suka ɗauki maɗiga, ciwo ne mai zaman kansa da ake dandaƙa magani a shafa a ka. Matar nan ba ta yi wa kowa dariya ba. Cewa ta yi ita ma kakarta haka ta yi mata, amma maɗiga tana faɗawa ne in ruwa ya ƙare a jikin jariri, kamar yadda kabewa ke lotsawa in ta bushe. Inna ta yi shiru har aka gama shirin. Da na tashi zan kashe akwatin sai na ji ta ce a hankali, "Ashe ruwa na ka ƙarewa ga jikin ɗiyan." Ka san ta binne biyu kafin a haife ni. Ban iya ce mata komai ba, fita na yi tsakar gida na daɗe a tsaye.

Bayan kamar mako uku autarmu ta kamu da gudawa cikin dare, ana ruwan sama, babu hanyar fita. Inna da kanta ta tashi maiɗakina, ta ce a kawo cokali da wuƙa. Ita ta ƙirga shidan, ita ta ɗanɗana, ta riƙa ɗura wa yarinyar kaɗan-kaɗan har asuba, sannan muka kai ta asibiti. Ta warware, Alhamdu lillahi. Shekara nawa na yi ina gaya wa Inna cewa haƙori ba ya kawo gudawa, ba ta taɓa saurarata ba. Da ta ga hannun mace 'yar'uwarta yana aunawa, sai ta yarda a dare ɗaya.

A majalisarmu ta wurin mai shayi kuwa, maganar hawan jini ce ta tada ƙura. Likitan ya ce in awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko ya haura, to akwai matsala, kuma gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Nan wuri ya kaure. Wani ya ce hawan jini ciwon masu kuɗi ne, ina talakan da ke yini a fadama zai gan shi. Wani ya ce ai tunani ne kawai ke kawo shi, a biya mutum bashinsa a ga in bai warke ba. Wani dattijo ya rantse tafarnuwa da zoɓo sun ishe shi. Ana cikin wannan musu likitan ya ce ciwon yakan shekara da shekaru a jikin mutum ba ciwon kai ba jiri, sai dai wata rana a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Sai kowa ya yi tsit. Duk wanda ke kan bencin nan yana da wanda ya tuna, wanda aka ce iska ce ta buge shi a bayan gida. Washegari mutum uku daga cikinmu suka je kemis aka auna su. Direban nan abokin wasanmu, wanda ya fi kowa musu, nasa ne ya yi sama nesa ba kusa ba. Yanzu yana shan magani kullum, shi ne kuma ke hana mai shayi barbaɗa wa ƙwai magi.

Amma akwai inda shirin ke ɓata wa mutane rai, ni ma har da ni. Duk tambayar da aka yi, ƙarshenta "a je a ga likita". Gaskiya ce, ban musa ba. Sai dai wani masunci daga ƙetaren gulbi ya ce a gabana, shi kafin ya ga likita sai ya biya kwalekwale, ya biya mashin, ya yanki kati, ya yini a layi, ranar kuma babu kifi babu cefane. Abin da yake so a gaya masa shi ne wane zazzabi ne zai iya kwana da shi, wane ne kuma dole ya tashi ko tsakar dare ne. Ban ga laifinsa ba. Sannan ga Turanci. Da likita ya jefo kalma biyu uku, sai ka ga tsofaffi sun fara hira tsakaninsu, an rasa su ke nan.

Ranar da aka zo kan allurar rigakafin zazzabin cizon sauro an sha kira. Ka san a watan Disamba na 2024 aka fara yin ta a Najeriya, kuma da Kebbi da Bayelsa aka fara. Wani ya bugo yana tambaya me ya sa sai mu. An ba shi amsa cewa binciken ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, babu jihar da ta kai mu. A majalisa wasu ba su gamsu ba, suka tono gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996. Na so a ce likitan ya tsaya a kan wannan tsoro ya yi magana da shi ido da ido, don yana da asali, amma sai aka tafi talla. Ni dai na kai ɗan ƙanena an yi masa, kuma gidan sauro bai bar kan gadonsa ba, don an jaddada cewa allurar ba ta maye gurbinsa.

Kada ka manta daren 2014 da aka tashe mu da waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola. Mutanen da suka yarda da wancan saƙo su ne ke zaune gaban akwatin nan yau, ga kuma masu tallar maganin da ke warkar da cuta arba'in suna yawo da lasifika a kasuwa. Kunne a buɗe yake, wanda ya iya magana da mu shi ke samu.

Wani abu kuma da na lura, in an zo kan lalurar mata, maiɗakina takan tashi ta bar ɗakin saboda kunyar Inna, daga baya in ga tana neman shirin a Facebook ita kaɗai. Yawancin saƙonnin da ake karantawa a irin wannan rana, masu su kan ce a sakaya sunansu.

Yanzu ga roƙona. In akwai mai zuwa gida, ka aiko mana da na'urar awon hawan jini, irin mai batir da ake ɗaurawa a damtse. Mun yi shawara za a ajiye ta wurin mai shayi, duk Juma'a bayan an sauko masallaci a auna duk mai so, ni zan riƙa rubutawa a littafi, wanda nasa ya hau mu raka shi asibiti. Ka rubuto mini da Hausa yadda ake zama da yadda ake ɗaura ta, don in karanta musu.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Inna ta ce Allah Ya yi maka albarka.

Naka har kullum,
Amininka na Argungu.