Wasiƙa daga Japan: zancen kyahan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya Hajiya da yara, ya kasuwa? Ina fata kowa lafiya.

Ka tambaye ni abin nan da ka gani naɗe a ƙwaurin samurai, wato mayaƙan Japan na da, a hoto, ko safa ce. Ba safa ba ce, kyahan suke ce masa. Ƙyalle ne mai kauri, galibi na auduga, ana lulluɓe ƙwauri da shi daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu, a ɗaure da igiya sama da ƙasa, wani kuma maɗaurai na ƙarfe ne ƙanana a jere ta baya, kohaze. Mayaƙi yakan fara ɗaura shi kafin ya ɗora suneate, wato sulken ƙwauri, don kar ƙarfen ya goge masa fata.

Amma ni wallahi na matafiya ya fi taɓa min zuciya. A zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, hanyar Tokaido daga Edo, Tokyo ta yanzu, zuwa Kyoto ta kusa kilomita 500, zango 53, kuma yawancin mutane a ƙafa suke cinye ta cikin kamar sati biyu da takalmin bambaron shinkafa wanda bai daɗewa yake tsinkewa sai an sayi wani a hanya, to ka ga mai wannan tafiya dole ya tattala ƙafarsa, ga ƙaya ga taɓo ga matsattsaku a duwatsu ga sanyi, kuma matsewar tana rage kumburi da gajiya. Kowa takobi yake kallo, ba mai kula da wannan ɗan ƙyallen, abin yana damuna.

Da yawa rinin shuni ne, baƙi-baƙi kamar wanda ya fito daga karofin Ƙofar Mata. Har yau wasu masu ziyarar wuraren ibada 88 na tsibirin Shikoku suna ɗaura farare, masu bukukuwan gargajiya ma suna ɗaura kyahan. Sojojin Japan da kakanninmu suka gwabza da su a Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma naɗin ƙwauri suke yi, sai dai nasu dogon ƙyalle ne siriri ake zagayawa.

Tunda kai tela ne zan turo maka hoton ciki da waje ta WhatsApp, ka gwada ɗinka guda biyu da saƙi, masu shiga gona da damina za su ji daɗinsa sosai.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ta sa ni a addu'a.

Naka har kullum.