Borin Jini Mai Naci: Laifin Ba Na Abinci Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana kan borin jinin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, saboda mutane da yawa suna wahala da shi shekara da shekaru, alhali yana da magani.

Borin da ya taso ya wuce cikin 'yan kwanaki daban ne. Wanda nake nufi shi ne mai zuwa yana dawowa fiye da mako 6 ba tare da an ga takamaiman abin da ke tayar da shi ba. Fata takan yi ruɗu-ruɗu kamar an zane mutum da bulala, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Kowane kumburi ba ya wuce awa 24 a wuri ɗaya. Sai ya lafa ba tabo, wani ya ɓullo a wani wurin. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, tudun kawai za a gani ko a ji da hannu. Kusan 4 cikin 10 na masu shi kuma leɓe, fatar ido ko hannu kan kumbura, har kwana 3. Ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba ƙazanta ke kawo shi ba.

A cikin fata akwai wasu ƙwayoyi da ake kira mast, cike da sinadarin histamin. Idan suka saki histamin, ƙananan jijiyoyin jini sukan buɗe, ruwa ya tsiyaya cikin fata ta taso, jijiyoyin ji kuma su kawo ƙaiƙayi. A wurin masu yawa, garkuwar jikin mutum ce da kanta ke tsokanar waɗannan ƙwayoyi, shi ya sa akan samu cutar tare da ciwon tayirod (wata gaɓa da ke gaban wuya). Ke nan matsalar daga ciki take. Abin takaici ne a ga mara lafiya ya ƙaurace wa wannan abinci yau, gobe wancan, har ya rame, bori kuma yana nan. Da wuya abinci ya zama sanadin irin wannan borin.

Sai dai akwai abubuwan da ke ƙara rura shi. Na gaba-gaba su ne magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibufurofen da diklofenak. Sukan tayar da shi ga mutum 2 zuwa 3 cikin 10, don haka farasitamol ya fi dacewa. Sai zafin yanayi, wanka da ruwa mai zafi sosai, matsattsun kaya, barasa, mura, damuwa da rashin barci. Mai shan maganin hawan jini irin lisinofiril ko kaftofiril da leɓensa ke kumbura ba tare da bori ba, ya gaya wa likita da wuri, domin maganin ne zai iya zama sanadi.

Ba a buƙatar tarin gwaje-gwaje. Ƙidayar ƙwayoyin jini da gwajin alamar kumburi a jini sun isa a farko, sai a duba tayirod idan likita ya ga dalili. Hoton borin a waya ya fi dogon bayani amfani, tunda sau da yawa ya lafa kafin a kai ga likita.

Magani na farko shi ne antihistamin (magungunan da ke tare aikin histamin) na zamani marasa sa barci sosai: setirizin miligiram 10, loratadin miligiram 10, ko feksofenadin miligiram 180, sau ɗaya a rana. Inda ake yawan kuskure shi ne a sha sai bori ya fito. Aikin maganin tare ƙofa ne kafin histamin ya iso, saboda haka kullum ake shan sa, ko fata ta yi lafiya lau. Idan bayan mako 2 zuwa 4 bai wadatar ba, likita zai iya ƙara adadin maganin guda har ninki 4. Wannan ya fi haɗa iri-iri. Tsofaffin magunguna irin Piriton suna kawo gyangyaɗi, haɗari ne ga direba da mai aiki da inji.

Idan hakan ya gaza, akwai allurar omalizumab, miligiram 300 a ƙarƙashin fata duk mako 4, wadda Amurka ta amince da ita don wannan cuta a 2014. Bayanta sai siklosforin, da sharaɗin a riƙa auna hawan jini da aikin ƙoda.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sitiroyid, wato su faradinisolon da deksametason. Suna kwantar da bori cikin awoyi, shi ya sa ake maƙale musu. Da an daina sai ya dawo, sau da yawa da ƙarfi, a sake sha. A haka fuska ke kumbura, ciwon suga da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi laushi, yanar ido ta rufe gani. Amfaninsu na tsananin tashi ne kawai, bai wuce kwana 10 ba, bisa umarnin likita. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke lokaci ɗaya, a hankali ake rage masa. Man shafawa na sitiroyid ba ya wani tasiri a kan bori.

Mai juna biyu ta tuntuɓi likita. Loratadin da setirizin ne aka fi zaɓa mata. Cutar takan lafa da kanta, ga da yawa cikin shekara 2 zuwa 5, don haka idan an yi watanni ba bori sai a gwada rage magani sannu-sannu.

Idan kumburi ɗaya ya wuce awa 24, yana zafi fiye da ƙaiƙayi, yana barin tabo kamar na ƙujewa, ko ya zo da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, a sake bincike, wataƙila kumburin jijiyoyin jini ne. Idan kuwa harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta dushe, numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take.

Wassalam.

Daga wani ma'aikacin lafiya, mai karanta jaridarka.